Ragon Ruwan Hoda da Ragon Shuni

Har yau in na ji warin fenti ya haɗu da na kananzir, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na unguwar Adjamé, cikin birnin Abijan, a shekarar da 'yan ƙwallon ƙasar nan suka fara zuwa gasar duniya. Ba na manta shekarar, domin saboda wannan gasa ce kakana ya yarda talabijin ta shiga gidansa. Kafin nan cewa yake yi akwatin zaman banza ce. Da ya ga duk mahautan kasuwa suna hirar wasa, shi kaɗai ba shi da abin faɗa, sai ya aika aka sayo, aka jawo waya daga gidan wani maƙwabci mai farantin kama tashoshi a kan rufi. Aka fitar da 'yan wasanmu da wuri, gasa ta ƙare, talabijin ta zauna. Tsoho, haka muke kiran kakan nawa, ya juya mata baya, yara suka gaje ta.

Ni a lokacin gemu ya fara fito mini. Ban yi lekol ba, wato makarantar boko. Tun ina ƙarami nake bin Tsoho teburin nama, sai yanzu da furfura ta fara leƙowa nake zama a aji da yamma ina koyon riƙe biro. In kun ga labarin nan yana tafiya a hankali, ku yi haƙuri, haka hannun yake tafiya.

Yara biyu ne suka mallake talabijin ɗin. Ɗaya ƙanwata ce. Ɗayar 'yar baffana ce, wadda gidansu ke Treichville, ƙetaren ruwa, amma duk hutun makaranta a wurinmu take yin shi. Sa'o'in juna ne, tsayinsu ɗaya, halinsu ne ya bambanta. Ƙanwata mai fara'a ce, ko kyankyaso ta gani sai ta nema masa suna. 'Yar baffa kuwa ba ta dariya sai da dalili, kuma yaran layinmu maza sun san nauyin hannunta. Dukansu a Abijan aka haife su, Faransanci ne a bakinsu. Hausa suna ji sama-sama, amma ba sa mayarwa. Tsoho yakan tsokane su irin wasan kaka da jika, ya ce, "Matana, ina tuwona?" Sai su ce, "Wi, Pepe," wato "I, Kaka," su wuce. Sai ya girgiza kai ya ce ya auri mata biyu, ba wadda ke jin maganarsa. Yana faɗa da dariya, amma mun san abin yana ci masa rai.

Abin da suke kallo wasan zane ne na yara, irin na ban dariya. 'Yan mata biyu ne mawaƙa daga Japan, suna yawo gari-gari a cikin wata babbar mota da kayan kiɗansu. Ɗaya gashinta ruwan hoda, kullum murmushi, kowa nata ne. Ɗaya gashinta kamar an tsoma shi a shuni, fuska a ɗaure, abu kaɗan ta ɗaga jita za ta kwaɗa wa mutum. Tare da su akwai wani gajeren mutum mai tabarau da ke kula da harkarsu, wanda ba ya tunanin komai sai aljihunsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mawaƙan na gaske ne. A farkon wasan sai a nuno su da jini da tsoka, mata biyu, suna dariya suna magana da yarensu, kafin a koma zane. Ba sai na gaya muku yadda yaranmu suka raba ba. Ƙanwata ta ɗauki mai ruwan hoda, 'yar baffa ta ɗauki mai shuni, tsintsiyar kakata Tsohuwa ta zama jita, bokitin wanka ya zama ganga.

Mai kallo ta uku ita ce kakata. Tsohuwa ba ta jin Faransanci sai na cinikin tumatir, amma ba ta yarda kowa ya fassara mata ba. In matan nan biyu suka fito suna ɗaga hannu, sai ta gyara zama ta amsa, "Lafiya lau, 'yan nan. Ya iyayenku?" Daga nan ita ke ba da labarin da kanta, da ƙarfi, da Hausa. A wurinta marayu ne, gajeren nan kuma ƙanin ubansu ne da ke cin guminsu. "Ku dube shi da kyau," in ji ta, "ba ku ga baffanku na Treichville ba?" To gaskiya akwai kama. Kusan kullum sai 'yan matan sun yi faɗa, wannan ta juya wa wannan baya, kafin a tashi kuma sun shirya suna waƙa. A nan Tsohuwa takan tafa hannu ta ce, "Kun gani? Faɗansu na baki ne. Waɗannan ba a raba su." Kullum sai ta faɗa, har muka daina ji.

A shekarun nan ƙasa a rabe take, hanyar arewa da dabbobi ke biyowa ba ta da tabbas. Saboda haka Tsoho bai jira Babbar Salla ta matso ba, wadda a nan ake kira Tabaski, ya samo ragunansa tun da wuri. Biyu ne, farare tas, garke ɗaya suka fito, ɗaya nasa ɗaya na Tsohuwa. Ku sani, duk yankinmu na Saint-Michel an san Tsoho da abu guda: ragonsa na layya ya fi na kowa fari da girma. Mahauta sukan zo kallo kawai. Ni nake yi musu wanka da sabulu, in goge musu ƙaho, in yanko musu harawa. Ɗaya rago mai sanyin hali ne, yakan sa kai a cinyar mutum. Ɗayan kuwa tunkuyi, har Tsoho ya taɓa zaunarwa a cikin kwata. Yaran suka dube su, suka dubi juna, suka sa musu sunayen mawaƙan nan. Tun daga ranar kowace tana da nata. Biskit ɗinsu a bakin ragunan yake ƙarewa.

Tsoho yana da al'ada, duk safiya sai ya duba su. Ya buɗe baki ya ga haƙora, ya leƙa ido, ya shafa kunne, ya ɗaga ƙafa, yana faɗa wa duk mai ji cewa dabba mai aibi ba ta yin layya. Wata safiya bayan ya fita, yaran suka tare ni. 'Yar baffa ta tambaye ni da Faransanci mene ne aibi. Na ce abin da ya ɓata dabba ne, wanda in an gani za a ce wannan ba ta yi ba, a ƙyale ta. Ƙanwata ta ce, "A ƙyale ta? Ba za a yanka ba?" Na ce ba za a yanka ba. Suka yi godiya da ladabin da ban saba gani ba. Da ina kallon wasan nan da hankali, da na gane, domin haka 'yan matan zanen suke yi in sun ƙulla dabara.

A ɗakin ajiya Tsoho yana da gwangwanayen fentin da ake yi wa shanu alama a kara, don kowane mai dabba ya san tasa. Akwai ja, akwai shuɗi, akwai ragowar fari na ƙofa. Makullin ɗakin kuwa a bakin zanen Tsohuwa yake ɗaure, ba ya rabuwa da ita. Ita dai ta ce barci ya ɗauke ta.

Bayan la'asar muka dawo daga kasuwa, ni da Tsoho. Tun daga ƙofa na ji warin. Muka shiga muka tarar da raguna biyu suna tuƙa hankali kwance. Mai sanyin halin, daga goshi har ƙeya har ƙahoni, ruwan hoda. Mai tunkuyin, shuni. An haɗa kalar da kyau, ba zan ɓoye ba, har an yi wa na farkon ɗan zane kamar fure kusa da kunne. Yaran suna tsaye a gefe, hannuwa a baya, suna jiran sakamako.

Tsoho ya dubi ragunan, ya dubi yaran. Ya cire hula, ya mayar. Sannan ya juya wurin Tsohuwa.

"Hajiya, wa ya buɗe ɗakin nan?"

"Ni na sani? Ina barci."

"Wannan na babban yatsanki fa?"

Ta duba yatsan ta ce, "Lalle ne."

"Lalle ruwan hoda?"

"Na zamani ne," in ji ta.

Aka kira limamin masallacinmu. Ya zo ya zagaya ragunan, yana ta tari a cikin rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "Alhaji, suna gani? Suna tafiya? Suna ci? To layya ta yi. Littafi bai yi maganar kala ba." Na fassara wa yaran. Ƙanwata ta fashe da kuka, 'yar baffa ta harbi bokiti. Amma wanda hukuncin ya fi ɓata wa rai shi ne Tsoho. Ya kama hannun liman ya ce, "Malam, ka dai sake dubawa." Domin shi a ganinsa, ya kwantar da rago mai kan amarya a gaban mahautan Adjamé, gara a ce bai yi layya ba. Har ya mutu ba za su bar maganar ba, bayan ya mutu kuma su ci gaba da 'ya'yansa.

Ya ce in wanke. Sabulu bai yi komai ba. Wani maƙwabci ya ce kananzir ke cire fenti. To ya cire shi daga kai, ya sauko da shi wuya, daga wuya zuwa gadon baya. Kafin magariba rago ɗaya ya zama ruwan hoda gaba ɗayansa kamar alewar yara, ɗayan kamar ya faɗa rijiyar marina. Ni ma hannuwana har gwiwa.

Dabara ɗaya ta rage. Baffa yana da turken raguna na sayarwa a Belleville, can Treichville. Tsoho ya ce a kai masa waɗannan, ya ba mu farare biyu, shi ya san yadda zai yi da su. Da safe muka tsai da motar haya, direba ya leƙo ya shaƙi kananzir ya ce motarsa ba ta gaji da duniya ba. Na biyu ko tsayawa bai yi ba, dariya ta hana shi taka birki. A ƙarshe muka samu amalanke, wanda a nan ake ce wa wotoro. Muka ɗora ragunan. Yaran suka haye suka rungume su, suka ce sai dai a tafi da su. Tsoho ya ce a bar su, dama ɗayar gida za ta koma. Shi kuwa ya shiga mota ya yi gaba, ya ce bai san mu ba sai mun isa.

Ban taɓa tafiya irin wannan ba. Ni a zatona wasan nan a gidanmu kaɗai ake kallonsa. Ba mu bar layinmu ba wani yaro ya nuna mu ya ƙwala kiran sunayen mawaƙan. Kafin mu kai babban titi yara sun fi ƙarfin korata. Suna bin mu suna rera waƙar buɗe wasan, wasu da gwangwani, wasu da murfin tukunya. Ƙanwata ta manta da kuka ta fara ɗaga musu hannu. 'Yar baffa ta miƙe tsaye a kan amalanke tana kaɗa jitar da babu. Mai turin amalanken, wani dogon bawan Allah, da farko yana zagi, daga baya na ga yana taka rawa da ƙafa. Muka ratsa unguwar ofisoshi, masu kwat suna leƙowa ta taga. A kan gada iskar ruwa ta buso, mai ruwan hoda ya ɗaga kai ya yi kuka, jama'a suka tafa masa. Wani ɗan sanda ya tsai da mu, ya zagaya, ya buɗe baki zai yi tambaya, sai ya rufe, ya ce mu wuce.

Muka tarar da Tsoho zaune a kan benci a turken baffa, ya rufe rabin fuska da hannun riga. Baffa ya fito, gajere, da tabaransa, yana shafa ciki. Yaran da suka biyo mu suka ƙare masa kallo, sannan wani ya ce ga shi nan, ga mai kula da su, sai ihu. Har yau baffa bai san abin da ya yi musu ba.

Ya duba ragunan ya ce, "Baba, wannan mai shunin zan iya karɓa. In ce alamar mai shi ce ta yi yawa. Amma wancan, ko kyauta na ba mutum sai ya tambaye ni laifin da ya yi mini."

Tsoho ya ce to a sauke ɗaya, rabin kunya ma sauƙi ne.

Yaran baffa suka kama igiyar mai shuni suka ja. Ya turje. Mai ruwan hoda ya sa kuka, wannan ya amsa, suka cika Belleville. Ƙanwata ta ƙanƙame nata tana shessheƙa. Ita kuwa 'yar baffa ba ta yi kuka ba. Ta diro daga amalanke, ta ratsa mutane, ta je ta tsaya a gaban Tsoho, hannu a ƙugu, fuska a ɗaure. Na ɗauka Faransanci za ta zuba masa kamar kullum. Sai ta ce, da Hausa, da muryar Tsohuwa sak:

"Pepe, waɗannan ba a raba su."

Tsoho ya sauke hannun riga daga fuskarsa. Ya ce, "Me kika ce, amarya?"

Ta sake faɗa. Ta ƙara da cewa, "Faɗansu na baki ne."

Ba wanda ya gane abin da ya kawo maganar faɗa, sai ni. Tsoho ya dube ta. Wannan ce magana ta farko da jikarsa ta taɓa haɗawa ta miƙa masa da harshensa. Ya ciro ƙyalle ya fyace hanci, ya ce kananzir ɗin nan yana shiga ido. Sannan ya ce wa baffa, "Mayar da shi. Ka ba ni wani abu in yanka."

Abin da ya rage a turken wanda ba a riga an kama ba wani ɗan rago ne ja, wanda na ɗauka da hannu ɗaya. Shi Tsoho ya yanka a shekarar, ya ce ya sa duk gidan a cikin ladan. Mahauta suka zo kallo kamar yadda suka saba. Wani abokinsa ya ce, "Alhaji, bana kyanwa aka samu?" Tsoho ya ce, "Na ga haƙoranku sun ƙare, shi ya sa na nemo muku mai taushi." Suna dariya, ragunan fenti suna bayansu suna cin tabarmar da aka shimfiɗa wa baƙi.

Daga nan ragunan fentin suka zama 'yan gida. Tsoho bai taɓa juyowa ya kalli wasan ba, kujerarsa tana ba talabijin baya kamar da. Amma in an tashi yakan ce, "Matana, yau ma sun yi faɗa?" Su ce, "Sun yi." "Sun shirya?" "Sun shirya." Daga wannan aka samu ƙari, yau kalma biyu, gobe uku, har aka kai ga 'yar baffa tana yi masa rashin kunya da Hausa, shi kuwa yana jin daɗi. Kallon ne bai daɗe ba. Wata rana ana tsakiyar waƙa hoto ya ɗauke. Muka fita muka tarar da mai shuni yana tauna wayar maƙwabci. Aka gyara, ya sake. Maƙwabcin ya naɗe wayarsa ya ce ya gaji.

Damina ta wuce, gashin ragunan ya zube ya sake fitowa fari. A cikin tsagin ƙahoni kaɗai kalar ta maƙale. Tsoho bai kai wata Sallar ba. Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira ni ya ce in an zo sadakarsa a yanka su duka biyu, rana ɗaya, kada a bar ɗaya yana neman ɗaya. Ya ce in gaya wa matansa shi ya ce. Na gaya musu. Ba su yi gardama ba. Ni na yanka, ita ce ranar farko da na riƙe wuƙarsa. Yaran ba su ci naman ba, amma su suka rarraba shi gida-gida a cikin unguwa.

Yanzu ƙanwata tana aure a wata ƙasa mai sanyi. 'Yar baffa tana nan Treichville da shagon ɗinki, har yau fuska a ɗaure. Kullum suna waya, rabin hirar faɗa ce, kuma da Hausa suke yin faɗan. 'Yata ta nemo mini wasan a wayarta kwanakin baya. Na kalla, na ga ashe ba marayu ba ne, gajeren ma ba baffansu ba ne. Na fi son na Tsohuwa. Yaran yanzu kowa da wayarsa a hannu, kowa shi kaɗai yake dariyarsa, ba wata tsohuwa a gefe da za ta amsa gaisuwar mutanen Japan.

In aka ce in lissafa abin da wasan nan ya ci mana, ga shi: gwangwanin fenti uku, kwalbar kananzir biyu, tabarma ɗaya, hular Tsoho ta zuwa Juma'a da ragunan suka tauna, wayar maƙwabci sau biyu, da sunan mai farin rago da Tsoho ya yi shekaru yana riƙe da shi. Daga baya kuma muka rasa raguna biyu, da Tsoho, da Tsohuwa. Ƙahoni huɗu ne suka rage. Biyu suna Treichville a saman keken ɗinki, biyu sun tafi ƙasar sanyi a cikin akwati.